Yadda Ake Zaɓen Lafazin da Ya Dace a Turanci, Na Ofis Ko Na Hira

Duk wanda ya ɗan yi nisa a koyon Turanci ya san wannan tsayuwar. Ka ɗora hannu za ka rubuta saƙo, sai kalmomi biyu su faɗo maka lokaci guda. *Buy* za ka sa ko *purchase*? *I want* ko *I would like*? *Sorry* ko *I apologise*? Dukansu daidai ne a nahawu, ƙamus ma zai ce maka ma'anarsu kusan ɗaya. Amma wanda aka aika wa saƙon yana jin bambancin nan take. Da wata kalmar zai ga ka san girmansa, da wata ya ga ka raina shi, da wata kuma ya ga ƙaƙale kawai kake yi.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, tsawon kalma ba shi ne ladabi ba. Masu koyo da yawa sun ɗauka in dai kalma ta yi nauyi a baki to ita ce ta masu ilimi, sai su riƙa cusa ta ko'ina. Wannan zaton ya ɓata wasiƙu masu yawa. Don kada bayanin ya tsaya a iska, za mu ɗauki saƙo guda mu yi ta komawa kansa: an ce ka miƙa rahoto ranar Juma'a, ka ga ba za ka gama ba, kana so a ɗaga maka zuwa Litinin.

Mataki na ɗaya: san wanda zai karanta

Kafin ka taɓa kalma ko ɗaya, yi wa kanka tambaya uku. Ya san ni ko bai san ni ba? Yana gaba da ni a aiki ko a shekaru, ko kuwa tsarana ne? Wannan rubutun za a adana shi a fayil, ko da an karanta shi ke nan?

Amsoshin za su ajiye ka a ɗaya daga cikin hawa uku. Ga saƙon namu a kowane hawa.

Ga abokin aikin da kuke wasa da dariya: *Can't get the report done by Friday. Monday OK?*

Ga shugaban sashenku da kuke gaisawa kullum: *I won't be able to finish the report by Friday. Could I send it on Monday instead?*

Ga wata hukuma da ba ta san fuskarka ba: *I regret that I will be unable to submit the report by Friday, and I would be grateful for an extension until Monday.*

Dubi na tsakiyar nan da kyau, domin shi littattafan koyo suka fi mantawa da shi. Sukan raba Turanci gida biyu, na ofis da na hira, alhali mafi yawan abin da ake rubutawa a wurin aiki a yau a hawan tsakiya yake. In ka rasa inda za ka tsaya, tsaya a nan. Ba a cika jin wanda ya ji haushi don an rubuta masa Turanci mai sauƙi da ladabi ba.

Mataki na biyu: tabbatar ma'anarsu ɗaya ce tukuna

Wani lokaci kana tsammanin zaɓi ne tsakanin na ofis da na hira, ashe maganganu biyu ne daban. *Request* roƙo ne, *demand* kuwa neman dole ne, irin na wanda yake ganin haƙƙinsa yake karɓa. In ka rubuta wa shugabanka *I demand an extension* don kawai kalmar ta yi maka kama da ta ofis, ka ja wa kanka faɗa. *I don't mind* na nufin duk wanda aka zaɓa ya yi maka, *I don't care* kuwa na nufin abin bai dame ka ba, kuma da ɗan rashin kunya a ciki. *A few people came* na cewa an samu wasu sun zo, *few people came* na cewa ba a zo ba sosai. Harafi ɗaya ne tsakani, amma ɗaya yabo ne, ɗaya kuka.

Haka *regret*. Ba ta ɗauke da amsa laifi kamar *apologise*. Wanda ya ce *I apologise for the delay* ya yarda jinkirin daga gare shi ne. Wanda ya ce *I regret the delay* ya nuna bai ji daɗi ba ne kawai. Shi ya sa wasiƙar da ta fara da *We regret to inform you* kusan kullum labarin rashin samu ke biye da ita. To, in laifin naka ne, ɗauki *apologise* ko *I'm sorry*, kada ka ɓuya a bayan *regret*.

Mataki na uku: gane dangin kalmar

Akwai dalilin da ya sa Turanci ke da kalma biyu ko uku a kan abu ɗaya. A shekarar 1066 William, basaraken Nomandi da ke arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan aka shafe wajen ƙarni uku fada da kotu da manyan gari suna harkarsu da Faransanci, coci da malamai suna rubutu da Latin, talakawa kuma suna nan da tsohon Turancinsu. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a a kotu da Turanci. Kafin nan dubban kalmomin Faransanci sun riga sun shige, kuma da yawansu ba su kori na gida ba, zama suka yi a gefensu. Har yau ana jin wannan tarihin a kunne: kalmar gida gajeriya ce, ta kusa da zuciya, baƙuwar kuma doguwa ce, tana da ƙamshin ofis.

Shi ya sa ake da *ask* da *enquire*, *begin* da *commence*, *need* da *require*, *get* da *obtain*, *live* da *reside*, *help* da *assist*, *end* da *terminate*. Wani wurin ma uku ne jere, kamar *ask*, *question*, *interrogate*, inda ta ƙarshen ta koma ta 'yan sanda da masu bincike.

A nan ne kuma aikatau masu jela suke shigowa, wato waɗanda ake haɗa su da ƙaramar kalma irin *up*, *off*, *out*, *into*. *Put off* na hira ne ko na tsakiya, *postpone* na ofis. Haka *find out* da *discover*, *look into* da *investigate*, *turn down* da *decline*, *set up* da *establish*. A saƙonmu, *hand in the report* da *submit the report* abu ɗaya suke faɗa, sai dai na biyun ya fi dacewa da takardar da za a adana.

Amma a yi hattara da mayar da wannan doka. *Carry out* mai jela ne, kuma rahotannin bincike cike suke da shi. Sannan su kansu masu harshen sun daɗe suna yaƙi da cushen manyan kalmomi. Ƙa'idojin rubutu na shafin gwamnatin Birtaniya, GOV.UK, sun ce wa ma'aikata su rubuta *buy* maimakon *purchase*, *help* maimakon *assist*, *about* maimakon *approximately*. A Amurka an sa hannu a wata doka a 2010 da ta wajabta wa hukumomin tarayya rubuta wa jama'a takardu da harshen da za su gane. In gwamnati ba ta jin kunyar *buy*, ban ga dalilin da zai sa ɗalibi ya ji ba. Ni dai shawarata, fara da gajeriyar kalmar. Sai ka tashi daga kanta in ka ga ta yi sakaci da yawa, ko kuma doguwar ta fi ta fayyace abin da kake nufi. *Get* alal misali tana da ma'ana barkatai, don haka a rahoto gara a ce *receive* in karɓa ake nufi, *obtain* in nema aka yi aka samu, *become* in zama ake nufi.

Mataki na huɗu: in ka canja kalma, duba maƙwabtanta

Nan ne aka fi yin tuntuɓe, don haka zan ɗan daɗe. Mutum ya cire kalmar hira ya sa ta ofis, ya bar sauran jimlar yadda take, bai san sabuwar kalmar ba ta tafiya da kayan tsohuwar ba.

Ana cewa *talk about the matter*, amma *discuss the matter* ba ta ɗaukar *about*. Ana cewa *ask for more time*, amma *request more time* ba ta ɗaukar *for* muddin aikatau ce. In suna ce kuwa *for* ɗin ya dawo: *a request for more time*. Ana cewa *get in touch with her*, amma *contact her* kai tsaye. Ana cewa *go into the room*, amma *enter the room*. *Let me go* ba ta son *to*, *allow me to go* kuwa ba ta yiwuwa sai da shi. *Tell me the date* daidai ne, amma *inform me the date* kuskure ne, sai an ce *inform me of the date*. *In spite of* tana da *of*, *despite* ba ta da shi, saboda haka *despite of* ba Turanci ba ne a kowane hawa.

Sai kuma jimlar rufe wasiƙa da kowa ke amfani da ita. *I look forward to hearing from you* ita ce ta ofis, *Looking forward to hearing from you* ta fi sakin jiki. A dukansu *hearing* ne, ba *hear* ba.

Akwai kuma abin da nahawu ba zai kama maka ba, wato kalmomin da suka saba zama tare. *Purchase* tana tafiya da fili da mota da kayan aikin kamfani. In ka ce ka yi *purchase* ɗin biro ɗaya, ba ka yi kuskure ba, amma mai sauraro zai yi murmushi. *Commence* ta saba da shari'a da bikin hukuma da kwangila, ba a cewa jariri ya yi *commence* ɗin kuka. Hanyar koyon wannan ita ce, duk sabuwar kalmar da za ka rubuta a littafinka, rubuta ta tare da jimla guda cikakkiya.

Mataki na biyar: auna nauyin roƙonka

Ladabin Turanci ya fi zama a ginin jimla fiye da a kalma. Dabarar masu harshen ita ce ja da baya: gwargwadon yadda ka nisanta kanka daga abin da kake nema, gwargwadon yadda ka bar wa mutum ƙofar cewa a'a. Shi ya sa suke amfani da sigar abin da ya wuce alhali yanzu suke roƙo. Ga matakalar daga ƙasa zuwa sama:

*Send me the file.*
*Can you send me the file?*
*Could you send me the file, please?*
*Would you mind sending me the file?*
*I was wondering if you could send me the file.*
*I would be grateful if you could send me the file.*

Abu biyu ke nuna maka inda za ka taka: nisan da ke tsakaninku, da girman abin da kake nema. Aron biro daga abokin zama bai wuce *Can I borrow your pen?* ba. Neman a ɗaga maka ranar miƙa aiki kuwa ɗora wa wani nauyi ne, don haka ko da kun saba, *could* ta fi *can*. In ka hau can ƙololuwa a kan ƙaramin abu, mai karatu zai iya ɗauka gatse kake masa.

Kada ka dogara da *please* ita kaɗai. *Please send it today* umarni ne da aka yi wa kwalliya, yana da kyau daga shugaba zuwa na ƙasa da shi, amma daga ƙasa zuwa sama gara a mayar da shi tambaya. *Kindly* ma haka. A ƙasashe da dama da Turanci ya zama harshen ofis ana ɗaukarta kalmar ladabi tsantsa, amma a kunnen Baturen Ingila *Kindly reply at once* tana iya zama muryar wanda haƙurinsa ya kusa ƙarewa. Haka *revert* da nufin ba da amsa: wasu wuraren sun saba da ita, amma ga mutumin Landan ko New York ma'anarta komawa yadda ake a da. In mai karatunka na can ne, rubuta *reply* ko *get back to me*.

*I want* kuwa, a bar ta ga gida da abokai. A gaban baƙo *I would like* ake cewa.

Mataki na shida: ƙananan alamomin da ke tona asiri

Gutsure kalma, kamar *don't*, *I'm*, *we'll*, daidai ne a magana da imel na yau da kullum. A takardar neman aiki, rubutun jami'a da takardun shari'a, a rubuta su cikakku: *do not*, *I am*, *we will*. *Gonna* da *wanna* da *u* a madadin *you* ba su da wurin zama a wajen hirar waya.

Kalmomin haɗa zance su ma suna da hawa: *but* da *however*, *so* da *therefore*, *also* da *furthermore*. Sai dai *however* ba ta haɗa jimla biyu da waƙafi kawai yadda *but* ke yi. Sa aya, ka fara sabuwar jimla da ita, ka bi ta da waƙafi. Kuma *furthermore* uku a shafi ɗaya sun yi yawa.

*Whom* ta kusa ɓacewa daga magana. *Who did you speak to?* shi ne abin da kowa ke faɗa, *To whom did you speak?* kuwa na rubutu ne mai nauyi. Wasu malamai har yanzu suna cewa haramun ne jimla ta ƙare da *to* ko *with* ko *for*. Wannan ƙyamar ana danganta farkonta da marubucin Ingila John Dryden, wanda ya soki irin wannan ginin a 1672, amma masu harshen ba su taɓa daina yin sa ba. Wurin da *whom* ta zama dole shi ne in ta biyo bayan ƙaramar kalmar kai tsaye, kamar *to whom*, *with whom*. Haka *It's me* ita ce maganar mutane, *It is I* sai a wasan kwaikwayo. Amma *between you and I*, da wasu ke faɗa don su yi kama da masu ilimi, kuskure ne a rubutu. *Between you and me* ne daidai.

Mataki na bakwai: Ingila ko Amurka

A tsarin Ingila, wasiƙar da ta buɗe da *Dear Sir or Madam* tana rufewa da *Yours faithfully*, wadda ta buɗe da sunan mutum kuma da *Yours sincerely*. Amurkawa *Sincerely* kawai suke sawa. A imel *Kind regards* ko *Best regards* sun wadatar a ɓangarorin biyu. *Mr* da *Ms* da *Dr* da sunan mahaifi ko na dangi ake haɗa su, ba da sunan yanka shi kaɗai ba.

*Gotten* daidai ce a Amurka, a Ingila *got* ake cewa. *Whilst* da *amongst* na Ingila ne, Ba'amurke zai ji su kamar tsohon yayi. In Baturen Ingila ya ce aikinka *quite good* ne, sau da yawa yana nufin ba laifi, in Ba'amurke ne yana nufin ya yi kyau sosai. Mafi haɗari ita ce *table a motion*: a majalisar Birtaniya gabatar da ƙudiri ne don a tattauna, a ta Amurka jingine shi ne. Zaɓi ɓangare ɗaya ka tsaya a kai har ƙarshen takardar, har da rubutun kalma irin *apologise* da *apologize*.

Mataki na takwas: in shakka ta rage, bincika

Buɗe ƙamus na masu koyo, irin na Oxford ko Cambridge ko Longman, duk suna intanet kyauta. Kada ka tsaya a ma'ana, dubi ɗan tambarin da ke gefen kalmar: *formal*, *informal*, *slang*, *old-fashioned*, *offensive*. Kalmar da ba ta da tambari ita ce ta tsakiya, ita ce kuma za ka iya kai wa ko'ina. Sannan karanta misalan da ke ƙasa, a nan za ka ga ƙaramar kalmar da ke bin ta.

In kana son ka ga yadda ake amfani da lafazi a zahiri, akwai rumbunan rubutu. COCA na Turancin Amurka ya haura kalma biliyan ɗaya, kuma ya ware magana daban, jarida daban, rubutun jami'a daban, sai ka ga a wane sashe lafazinka ya fi yawa. British National Corpus na da kalma miliyan 100 na Turancin Birtaniya. Google Ngram na kwatanta maka lafazi biyu a cikin littattafai shekara bayan shekara, amma ka tuna littattafai kaɗai yake ƙirgawa, ba zai gaya maka abin da ake faɗa a hira ba. Yawan sakamakon bincike a Google kuwa ba hujja ba ne, domin kuskure ma ana maimaita shi sau miliyoyi.

Mataki na tara: karanta shi da murya, ka daidaita

Laifin da ya fi kowanne fitowa fili shi ne gauraya hawa biyu a saƙo ɗaya, kamar wanda ya sa kwat da taye ya ɗora a kan silifas. *Dear Sir, I wanna ask for an extension* ya faɗi a kalma ta huɗu. *Hi, I hereby request your presence at lunch* ya faɗi ta ɗaya gefen. Ido yakan tsallake irin wannan, kunne ba ya tsallakewa, shi ya sa nake cewa a karanta a bayyane. Duk inda ka ji muryarka ta canja a tsakiyar jimla, to akwai kalmar da ta fito daga wani hawa.

In amsa kake bayarwa, dubi yadda aka rubuto maka. Wanda ya buɗe da *Hi* ya sa hannu da sunansa na farko ya ba ka izinin saukowa. Wanda ya buɗe da *Dear Mr* ya rufe da cikakken suna da muƙami, bi shi a haka har sai shi ya fara sassautawa. In kai ne ƙarami, kada ka riga shi.

Ga saƙon namu bayan ya bi ta duk matakan, zuwa ga shugabar da kuka yi aiki tare amma ba ku shaƙu ba:

*Dear Dr Smith, I am sorry, but I will not be able to finish the report by Friday, as two sets of figures have not yet arrived. Could I send it to you on Monday morning instead? Kind regards.*

An amsa laifi da *sorry* maimakon *regret*, an bar *finish* da *send* yadda suke don ba abin da *complete* da *forward* za su ƙara, an faɗi dalili a taƙaice, an yi roƙon da *could*, an kuma ambaci ranar da lokacin don kada ta sake tambaya. In hukuma ce za a aika wa, abu uku kawai za a taɓa: *send* ta koma *submit*, tambayar ta koma *I would be grateful if*, rufewar ta koma *Yours sincerely* in da sunan mutum aka buɗe.